Baba Mai Kundi da Rijiyoyi Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin masu shara su gama da barandar ɗakin karatu na jami'a, Baba Mai Kundi ya riga ya sauka matakala goma sha tara zuwa ɗakin ƙasa. Ba ya kunna fitila da shigarsa. Yakan tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, ya yi sallama da ƙarfi kamar wanda ya tarar da jama'a a zaune, sannan ya yi tsit ya kasa kunne. Babu kowa a ɗakin, kuma ya sani. Motsin gara yake saurare. Ya ce idan ɗaki ya kwana a rufe, kafin ƙarar fanka ta cika shi, mai kunne yana jin ta tana ci, ƙas-ƙas-ƙas, can cikin kantoci. Sai ya gane layin da take tukuna yake kunna fitila, ya rataye hularsa a ƙusa, ya naɗe hannun riga. Haka ya yi shekara talatin da uku, kuma a ƙarshen watan jiya ya yi ritaya.

A ɗakin nan ake ajiye kundayen bincike. Duk wanda ya gama babban digiri dole ya bar kwafi ɗaya, a ɗinke shi da shuɗin bango, a sauko da shi ƙasa. Sun haura dubu goma sha ɗaya. A bayan kowane kundi akwai ɗan aljihun takarda da kati a ciki, inda wanda ya zo karantawa zai sa hannu. Zaro kati goma, tara za ka same su fari fat. Abin da ban haushi, wallahi. Mutum ya yi shekara uku yana bin gonaki da asibitoci da kasuwanni, iyayensa su yi ta alfahari, a yi hoto da doguwar riga, sannan a sauko da aikin nan ƙasa a rufe ƙofa, babu mai sake buɗe shi sai gara.

Ɗalibai ba sa son ɗakin. Ba shi da taga sai wani ɗan rami can sama da ake hango ƙafafun masu wucewa, ga warin danshi, ga sanyin da ba ka san daga inda yake fitowa ba ko da ana tsakiyar zafi. Wata mai shara ta taɓa rantsewa cewa ta ji Baba yana hira da mutane a ciki, yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, da ta leƙa kuma shi kaɗai ne. Tun ranar ta ce sharar ɗakin ƙasa ba da ita ba, ko za a kore ta. Ba ƙarya ta yi ba, ta ji. Baba yana da wata al'ada tasa: kafin ya taɓa kowane kundi, sai ya buɗe shafin sadaukarwa ya karanta a fili. Wannan ya sadaukar ga mahaifiyarsa, wannan ga mijinta da ya riƙe yara tana karatu, wannan ga ɗansa da bai rayu ya ga ƙarshen aikin ba. Da yawa daga marubutan sun riga mu gidan gaskiya. Da aka tambaye shi dalili, cewa ya yi ba ya shiga kayan mutum bai gaishe shi ba.

Shekara goma sha biyu da suka wuce ya tsinci wata tsohuwar na'urar ɗaukar hoton takardu da wani ofis ya jefar a bayan gini. Ya sa aka gyara, ya nemi izinin shugaban ɗakin karatu, ya fara ɗaukar kundayen shafi-shafi yana ɗora su a intanet, inda kowa zai karanta kyauta, ba rajista, ba sai ka san wani ba. Bai tsaya a hoto ba. Jadawalin alkaluman da ke ƙarshen kowane kundi, waɗanda su ne ainihin wahalar mai bincike, da yatsu biyu yake sake buga su layi-layi, don wani ya iya ɗauka ya yi lissafinsa ya ɗora a kai. Matarsa takan tsokane shi cewa ya fi sanin nauyin awakin da suka mutu shekara talatin da suka wuce fiye da lambar takalmin jikokinsa.

Doka ɗaya ya kafa wa kansa, ba wanda ya kafa masa: ba ya ɗora aikin kowa sai da yardar mai shi, in ya rasu kuma sai da yardar magadansa. Ranakun hutunsa a tashar mota suka ƙare, yana neman gidajen mutane da tsohon adireshi. Akwai wani farfesa da ya hana, wai za a sace masa aiki. Baba bai yi musu ba. Washegari ya ɗauko kundin farfesan ya kai masa ofis, ya buɗe masa babi na huɗu, inda gara ta riga ta yi hanya tun daga sama har ƙasa, ya ce, “Ranka ya daɗe, ai an fara.” Farfesa ya sa hannu. Akwai kuma malamar makarantar da ta zo ta tsugunna tana kuka a bakin matakala, don a wayarta ta fara ganin sunanta a sadaukarwar mahaifinta, wanda ya rasu tana goye. Waɗannan duk a gaban mutane aka yi.

Kai ne, Baba, ka zauna a ƙarƙashin ƙafafunmu muna wucewa ta saman kanka ba mu ko leƙo ba. Kai ne aka yi wa ƙarin girma sau ɗaya tak, ka ce a bar ka inda kake. Mai gaida waɗanda aka manta, sannu da aiki.

Kundi ɗaya ne ya gagare shi, kuma a kansa nake so mai karatu ya tsaya. Wata matashiya ce ta rubuta shi shekara ashirin da bakwai da suka wuce, a kan ruwan rijiyoyin wasu unguwanni. Wata biyu da miƙa shi ta rasu a hatsarin mota, malamin da ya duba aikin kuma ya bar jami'ar a shekarar. Katin wannan kundi ba fari ba ne, amma babu sa hannu ko ɗaya a kansa. Dangwalen babban yatsa ne da shuɗiyar tawada, a jere, ɗaya a kowace shekara, duk a wata guda. Mahaifiyarta ce. Ba ta iya karatu ba. Duk shekara, a watan da 'yarta ta rasu, takan sauko matakalar nan tana dafa bango, Baba ya ja mata kujera, ya ɗora mata kundin a cinya, ya karanta mata sadaukarwar, wadda layi biyu ce kacal kuma ita aka rubuta wa. Sai ta zauna kamar awa guda hannunta a kan bangon kundin, sannan ta dangwala ta tafi.

Sau uku yana roƙonta ta bari ya ɗora. Ta ƙi. Ta ce an gaya mata abin da aka sa a intanet ba shi da wurin zama, yana ko'ina. Kabarin 'yarta yana can garin da aka yi hatsarin, ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce masa, “Ɗan nan, a nan kaɗai na san inda take. Kada ka watsa mini ita.” Baba ya ji nauyin maganar, ya mayar da kundin gurbinsa a kanta, kuma saboda girmama ta bai taɓa wuce shafin sadaukarwa ba.

Bana abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, takarda ta fito daga sama cewa fumfuna ta yi yawa a ɗakin ƙasa har tana barazana ga lafiyar ma'aikata, don haka za a kwashe shi a ƙarshen watan da Baba zai yi ritaya, kuma duk kundin da ya lalace za a ƙone. Har an fara fitar da na layukan baya, an tara su a wata rumfa a bayan gini. Na biyu, watan tsohuwa ya zo ya wuce, ba ta zo ba. Baba ya ja kujerar ya ajiye a inda ta saba, kullum yana kallonta. Ya gaya wa matarsa cewa sau biyu yana jin kamar ana dafa bangon matakala ana saukowa a hankali, ya fita ya tarar ba kowa. Ita kuwa ta ce ya rage shan shayi.

Saura kwana biyar a kwashe ɗakin, sai ga wata likita daga wani ƙaramin asibiti ta sauko da sauri, ko farar rigarta ba ta cire ba. Ta ce yara ake kawo mata daga unguwa guda, suna amai, suna jijjiga, wasu sun daina gane iyayensu. Biyu sun rasu. Gwaji ya nuna dalma a jininsu, kuma tana zargin ruwa, don a da akwai wuraren fasa tsofaffin batura a yankin. Amma rijiyoyi sun fi ɗari, kayan gwajin da take da su ba za su kai ko goma ba. Ta nemi bayani a manyan mujallun bincike ta tarar da su a kulle, sai wanda ya biya. Wata tsohuwar nas ce ta tuna cewa an taɓa yin wata yarinya 'yar jami'a mai yawo da kwalabe tana ɗibar ruwa gida-gida.

Baba bai ko duba rajista ba. Ya miƙa hannu ya zaro kundin, don karatu a cikin ɗaki ba ya buƙatar izinin kowa. Likita ta bi shafukan da yatsa. Marigayiyar ta gwada rijiya arba'in da ɗaya, ta samu dalma mai kisa a goma sha ɗaya, ta rubuta cewa sunan kowace rijiya da wurinta suna jadawalin ƙarshe. Likita ta juya ƙarshe. Ta tsaya. Ta sake juyawa baya, ta dawo. Sannan ta ɗago ta ce, “Baba, wannan ai kaji ne.”

Kaji ne kuwa. Shafi goma sha huɗu na nauyin kaji da irin abincin da aka ba su, mako-mako. Nan take Baba ya gane abin da ya faru. A wancan zamani mai ɗinkin littattafai ɗaya ne yake yi wa dukan ɗalibai aiki, a ƙarshen shekara tebur ɗinsa yakan cika da tarin takardu masu kama da juna. Ya ɗauki ƙarshen wannan ya ɗinka wa wancan. Ke nan jadawalin rijiyoyi yana cikin kundin wani mai binciken kaji na shekarar. Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya lura, saboda ba wanda ya karanta. Ka ji fa. Kuma Baba bai cire kansa ba, ya ce shi da yake riƙe kundin duk shekara ya fi kowa laifi.

Ya duba rajista ya samu lambar kundin kajin. Gurbinsa a kanta babu komai, yana cikin waɗanda aka fitar rumfa. Kundi wajen ɗari bakwai ne a jibge, danshi ya goge rubutun bangonsu, duk sun zama iri ɗaya. Kwana uku yana zuwa tun da sassafe, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta biyo shi tana mita tana taya shi. Likita takan zo da rana ta yi awa guda ta koma wurin yaranta, kuma a rana ta biyu ta gaya masa an kawo wasu uku. Ko a cikin wannan sauri bai bar al'adarsa ba, kowane kundi sai ya yi masa gajeriyar sallama kafin ya juya ƙarshensa. Direbobin da ke fakin a wurin suka daina tsayawa kusa da rumfar.

Da la'asar ɗin rana ta uku matarsa ta ɗago wani da ya yi sakayau a hannu. Ta ce wannan ai ba komai a ciki, ta yi niyyar jefarwa. Baba ya karɓa ya buɗe. Gara ta cinye shi tas, tun daga sadaukarwa har babin ƙarshe, ya zama gari yana zubowa ta tsakanin yatsunsa. Amma a daidai inda jadawali ya fara ta tsaya cak. Shafi goma sha huɗu, ko gefensu ba ta taɓa ba, fes kamar jiya aka buga: rijiyar bayan makaranta, rijiyar bakin kasuwa, rijiyar gidan mai gyaran keke, har arba'in da ɗaya. Matarsa ta ja da baya tana salati. Baba ya ce takardar da marigayiyar ta yi amfani da ita ta fi kauri, wataƙila akwai wani sinadari a jikinta da gara ba ta so. Haka yake faɗa har yau, amma in yana faɗa ba ya kallon idon mutum.

Aka kira likita ta zo, a take ta kwafi rijiyoyi huɗu masu dalma da ke unguwarta ta ruga. Sauran bakwai suna wasu unguwanni, ƙarƙashin wasu asibitoci, wasu ma an canza musu suna, sai wanda ya san wurin zai gane. Ta roƙe shi ya ɗora a intanet a ranar, kowa ya gani. Abokan aikinsa ma suka ce ai yanzu batun rai ne, wa zai tuhume shi? Baba ya ba likita kwafin jadawalin duka ta aika wa asibitocin da ta sani, amma ɗorawa ya ce a ba shi kwana ɗaya. Ya zauna ya warware ɗinkin kundin da hannunsa, ya cire kaji, ya mayar da rijiyoyi wurinsu, ya ɗinke, ya ɗauki hoton kowane shafi. Sannan ya je wurin shugaba ya nemi a ba shi ainihin kundin, tunda dai ɗakin za a kwashe. Washegari da safe ya naɗe shi a jaka ya shiga mota.

Ya sami tsohuwa kwance a ɗan ɗakinta, ƙafa ta hana ta tashi, shi ya sa ba ta zo ba. Tun kafin ya gama gaisuwa ta ce ta san zai zo. Ta ce tun da watan rasuwar ya kama take mafarkin 'yarta, kullum da jiƙaƙƙen zane, tsaye a bakin ƙofa da kwalba a hannu, ba ta cewa komai, ba ta kuma shigowa. Baba ya ɗora mata kundin a ƙirji, ya ce daga yau a nan zai zauna, nata ne. Sannan ya ba ta labarin yaran, bai rage komai ba, har biyun da suka rasu.

Da ya buɗe sadaukarwa kamar yadda ya saba, sai ta dafe shafin ta ce a'a, yau ya karanta mata ƙarshen. Ya fara karanto rijiyoyin ɗaya-ɗaya. Da ya zo kan rijiyar gidan mai gyaran keke, ta rufe ido. Ta ce ta tuna wannan. Yarinyar ta je har sau biyu tana roƙonsu su daina sha, suka yi mata dariya, ta dawo gida tana kuka, ta ce bari takardarta ta fito, dole a saurare ta.

“Ashe ni na rufe mata baki duk shekarun nan,” in ji tsohuwa.

“Mu biyu ne, Inna. Ni ma ban juya shafin ba.”

“To buɗe mata. Ina tawadar?”

Ya zo da ita a aljihu. Ta dangwala a takardar izini, ta kuma ce ya kawo katin ta cika na bana.

A yammacin ranar ya ɗora. Cikin mako biyu wani jami'in lafiya a wata unguwa da likita ba ta ma san da ita ba ya gane rijiyoyi uku daga bayanin wurin, wani malamin kimiyya kuma ya ɗauki alkaluman ya haɗa da taswirar yanzu ya gano sauran. An rufe tara. Biyu dama sun daɗe da cikewa, an yi gini a kansu. Yaran da aka kawo daga baya suna samun sauƙi, sai dai ɗaya da likita ta ce har yanzu ba ya amsa sunansa. Ba zan ɓoye ba, kundi fiye da dubu biyu sun tafi wuta ba a ɗauki hotonsu ba, don hannu biyu kawai Baba yake da su. Me ke cikinsu? Babu wanda zai ƙara sani, kuma wannan laifin namu ne, mu da muka bar shi shi kaɗai.

Ranar da zai miƙa makulli ya sauka matakalar a karo na ƙarshe. An kwashe komai, sai alamun ƙafafun kantoci a siminti da kujerar tsohuwa a kusurwa. Mai sharar nan da ta yi rantsuwa ta biyo shi har rabin matakala don ta taya shi ɗaukar na'ura. Ta ce ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama kamar kullum, ya kasa kunne, ya daɗe. Sannan ya gyaɗa kai kamar wanda aka amsa wa, ya cire hularsa da ya bari a ƙusa ya fito. Ta tambaye shi ko ya ji wani abu. Ya ce a'a, yau kam ba abin da ke ci.

Baba, mun gode. Kai ne ka nuna mana cewa binciken da ba a buɗe ba bai gama aikinsa ba, kuma ka buɗe shi ba tare da ka taka kowa ba. Allah Ya ba ka lafiyar ido da ta baya, Ya sa ka huta, Ya saka wa matarka da ta sha ƙurar rumfa tare da kai. Ku kuwa malamai da ɗalibai, masu kundi a kanta da alkaluma a cikin durowa, kada ku jira wani dattijo ya biyo ku tashar mota. Ku buɗe da kanku tun kuna da rai, ku sa inda likitar ƙaramin asibiti za ta samu ba sai ta roƙa ba. Kafin ku miƙa kuma, don Allah, ku juya har shafin ƙarshe ku duba.

Tsohuwa tana nan da ranta. Kundin yana ƙarƙashin matashinta. Da Baba ya koma gaishe ta makon jiya, ta ce masa yarinyar ta daina zuwa.